Ranar da Hinda Ta Kira Sunan Ɗanta

Ranar da motar masu sayen gyaɗa ta fara shigowa ƙauyensu, can ƙasar Guci a zamanin Faransa, direba ya danna oda. Yara suka watse da kuka, awaki suka tsinke igiya. Yaro ɗaya ne bai motsa ba. Ya ba hanya baya, yana zuba ƙasa cikin sakaina. Mutane suka ce jarumi ne. Uwarsa Hinda kaɗai ta lura ko kafaɗarsa ba ta girgiza ba.

Hinda matar wani manomi ce mai suna Gajere, kuma duk ƙauyen an san ta da kunya. Inuwa ɗanta ne na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan," take cewa. Da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa Ƙande, uwar Gajere. Ga shi ya shekara uku, ko "Inna" bai taɓa cewa ba.

Wanzami ya duba ƙarƙashin harshensa ya ce linzami ne, ya yanka. Baki ya kumbura kwana huɗu, magana ba ta zo ba. An ba shi rubutu ya sha har aka gaji.

"Mijin nawa ƙasaita ce da shi," in ji Ƙande. "Ba ya magana da talakawa."

"Iya, 'yar maƙwabta fa ya girme ta, ga ta har kaji take zagi," in ji Hinda.

"Mace ce. Da baki ake haifarku."

Hinda ta daɗe tana zargin kanta, ko shirun da take yi masa ne ya kama shi. Ta fi son a ce hakan ne, don wannan yana da gyara.

Washegarin zuwan motar, Ƙande ta tafi rijiya. Hinda ta durƙusa a bayan yaron.

"Inuwa," ta ce a hankali.

Ta sake. A karo na uku ta kwarma shi har zabi suka tashi. Bai juyo ba.

Ƙande ta shigo da tulu a kai. "Ke 'yar nan! Ina kunyar taki? Har rijiya ana jin ki!"

"Iya, shi bai ji ba."

Tsohuwar ta sauke tulu. Ta ɗauki tasa da muciya, ta buga a bayan kunnensa. Yaron yana ta wasansa. Ƙande ta zauna a ƙasa.

Gajere ya ce in an gama gyaɗa za a kai shi wurin likita a Magariya. An kai shi, aka leƙa kunnuwansa, aka ce su koma gida. Hinda ta yi 'ya'ya biyar bayansa. Mata suka daina misali da kunyarta, domin har ta tsufa a fili take faɗin sunan ɗanta na fari. Kowa a ƙauyen ya ji shi daga bakinta, ban da mai sunan.

A ranar da ta fara kiran sunansa dai, da rana ta yi sanyi, ta ɗora ruwa, ta yi masa wanka da kanta, ta shafa masa man shanu a ƙafafu.