Makullin Rumbun Baba

Tasawa

Tun kafin kiran assalatu na fito daga gida ranar Alhamis, da 'yar jakata da ƙullin goron Baba. Ni malamar tarihi ce a kwaleji nan Tasawa, kuma wannan tafiya aike ce. Babana shi ke riƙe da makullin rumbun hatsin ƙungiyar manoman unguwarmu a Attantane tun ranar da aka kafa ta. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi, masu neman hatsi sai su wuni ƙofar rumbu suna jiranshi. Matasa sun rantse in ba a yi zaɓe ran Juma'a ba, za su kwashe buhunansu su kafa tasu ƙungiyar.

To, wa zai gaya mishi? Can wurinmu an mai da shugabancin ƙungiya kamar sarauta, mutuwa kaɗai ke sauke mutum. Sai aka tuna da ni, don sunan mahaifiyarshi aka sa mini. Bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, kuma ba ya yi wa Uwata musu. Wallahi da nauyin zuciya na shiga motar Mayahi.

Kan hanya

Direba ya ba ni gidan gaba. Da muka kai shingen jandarmomi, ɗayansu ya duba katina ya ce, "Madam, yau ba koyarwa a lakwal?" Na ce mishi yau ɗalibina tsoho ne. Ya yi dariya ya ɗaga mana igiya.

Mota na ta girgiza mu, ni kuwa ina ta juya darasin da na koyar a satin nan, na yadda mutanen Amurka suka kafa tsarin mulkinsu. Na gwada shi kan direba. Na ce shugabansu na farko ya yi wa'adi biyu, ba dokar da ta hana shi ƙarawa a lokacin, amma ya ce ya isa, ya koma gonarshi.

"Haba Madam! Da ƙafarshi?" in ji direba. "Ki dai bincika, ciwo ne ya kama shi."

Na ce a raina, in direba ma bai yarda ba, ina ga Baba.

Mayahi

Hantsi ya dubi ludayi muka sauka tasha. Na sha fura da nono wajen wata Bafillata, damun ya yi daɗi amma rabin kwanon na bari. Daga nan na hau kabu-kabu. Rairayin hanyar nan ba ya raga wa kowa, sau da dama na sauka na taka da ƙafa, mai babur na turawa yana ba ni haƙuri kamar shi ya zuba shi.

Attantane

Na iske Baba gindin itacen bedi na ƙofar gida, tabarmi a shimfiɗe kewaye da shi. Nan mutanen unguwa ke zuwa gaishe shi kowace safiya kafin su wuce gona. Makullin na rataye a wuyanshi da igiyar fata. Na durƙusa na gaishe shi, ya shafa kaina.

Bayan la'asar ya ce, "Uwata, na san aiko ki aka yi. Faɗi."

Maimakon in faɗa kai tsaye, sai na ɗauko labarin shugaban Amurkan nan na farko. Na gaya mishi yadda wakilan jihohi suka taru suka rubuta dokar da za ta zama gaba da kowa, har da shugaba. Na gaya mishi akwai masu tsoron mutumin zai zama sarki, sai ga shi ya sauka da kanshi don na baya su saba da miƙa mulki.

"Tsige shi aka yi?"

"A'a, Baba."

"Me yake nomawa?"

"Alkama da masara."

"Da hannunshi?"

Na ce a'a, bayi ke yi mishi. Baba ya taɓe baki ya ce, "To, nan kam na fi shi."

Ya shiga murza makullin. Can ya tambaye ni da wata murya da ban san shi da ita ba: "Da ya koma gona, an ci gaba da zuwa gaishe shi?"

Nan hawaye suka zo mini. Ashe tun rasuwar Innarmu, gaisuwar safen nan ce ke tashe shi daga shimfiɗa, kuma yana jin makullin ake gaisarwa. Na ce littattafai sun nuna baƙi ba su yanke a gidan mutumin ba har ya rasu. Ya ce, "Can Amurka ke nan. Nan fa?" Ban yi mishi alkawari ba, don ni ma ban sani ba.

Juma'a da Asabar

Da aka sauko daga masallaci aka taru ƙofar rumbu. Kafin kowa ya buɗe baki Baba ya cire igiyar daga wuya ya ajiye bisa buhu. Ya ce a zaɓi wani, kuma a yanka mishi wa'adi tun yau. Aka ɗaga hannu, aka zaɓi Sani, ɗaya daga matasan nan. Ba wanda ya kwashe buhunshi.

Da asubar Asabar na ɗauko tabarmi. Baba ya ce, "Ɗaya ta isa, Uwata." Na shimfiɗa ɗaya, na koma zaure na laɓe. Gari ya waye, ba kowa. Na hango shi yana kai hannu wuya yana laluben abin da babu.

Sai ga Sani da hauya a kafaɗa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Bayanshi limamin unguwa, sai tsofaffi, sai matasan da suka yi rantsuwar kwashe buhu. Wasu suka zauna a ƙasa. Na ji Baba ya ɗaga murya kamar yana faɗa:

"Uwata! Wace irin rowa ce wannan? Ƙaro tabarmi mana!"

Da azahar na hau kabu-kabu, na samu mota a Mayahi, magariba ta yi mini a gida lafiya lau. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direban da ya ƙaryata ni, na kuma gode wa mutanen unguwarmu da suka zauna a ƙasa don tsohona.