Kek a Gwangwanin Madara

Shekarar da Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ni na ɗauko ta daga gidanmu na unguwar Gawon Nama na kawo ta wurina. Ta yi wata biyu a ɗakin baƙi. Ƙashi yana haɗewa, amma abinci ya ƙi shiga. Ko tuwon shinkafa aka kai mata, loma biyu za ta yi ta ture kwanon.

Wata Asabar da hantsi na je tsohon gidan ɗauko mata zannuwa. Tsakar gida shiru, sai shuke-shukenta: lalle a jikin katanga, lemun tsami kusa da madafa, da na'a-na'a a cikin wani fasasshen tulu. Ƙanena da ke zaune a gidan yana ba su ruwa idan ya tuna. Na tsinko lemu huɗu, na karyo reshen lalle, na zuba a leda.

Da na dawo, reshen ta fara gani kafin zannuwan. Ta karɓa, ta murza ganye ɗaya a yatsunta, ta sansana.

"Ƙishirwa shika ji," in ji ta. "Wanga lalle ya girme ki. Daga gidan uwata na taho da shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, ranar da anka kawo ni birni."

Ban taɓa jin wannan labari ba, sai na zauna a bakin gado. Ta ce lemun kuwa marigayi Baba ne ya shuka shi, lokacin da ya dawo daga wani aiki da aka tura shi kudu. Ya daɗe bai yi ɗa ba, kowa yana cewa a sare. Baba ya ce a bar shi, ai bai tare wa kowa hanya ba.

Ta jujjuya lemu ɗaya a tafin hannu. "Kina da ƙwai?"

Kek take so, irin wanda take yi mana da Ƙaramar Sallah. Na ce bari in kunna oben, ta girgiza kai. Tukunya za a samo, da rairayi, da gwangwanayen madara. Sai da na shiga maƙwabta biyu kafin na tara gwangwani shida.

A ranar ta fara fitowa waje. Muka riƙe ta ni da mijina har kan kujera a inuwar baranda. Na buga bota da sukari har hannuna ya gaji, na nuna mata.

"Bai yi hwari ba, diyata. Ƙara."

Na ƙara. Na fasa ƙwai, na zuba fulawa kaɗan-kaɗan, ita kuma ta goge ɓawon lemu da kanta a kan cinya. Muka shafe gwangwanaye da mai, muka zuba kwaɓin a ciki, na jera su a kan rairayin da ya yi zafi, na rufe, na ɗora garwashi a murfi. Ta hana ni buɗewa. Sai da ƙamshi ya cika gidan ta miƙo mini tsinken tsintsiya, na soka, ya fito a bushe.

Biyu sun ɗan ƙone a gindi. Su ta zaɓa, ta kankare baƙin da farce, ta ci ɗaya da rabi da shayi.

Tana share baki ta ce, "Ba don ba ki kula da ni ba. Amma ki mai da ni gida."

Na so in yi gardama, mijina ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na saya mata sanda mai ƙafa huɗu, ƙanena ya sa aka daidaita simintin tsakar gida, matarsa ta share ɗakin ta turare shi. Ranar Juma'a bayan la'asar muka kai ta.