Sunan da Na Ƙi Canjawa

A shekarun yaƙin basasa ni bazawara ce a gidan yayana, a unguwar Yara cikin garin Keffi. Aurena biyu sun mutu, duk a kan magana ɗaya, wai ko ɓari ban taɓa yi ba. Ba na ɗaukar raini, bakina kuma ba ya ajiye magana, shi ya sa matan unguwa suka fi son gaishe ni daga nesa. Abin da Allah ya hore mini shi ne jinin yara. Yaron da ya gagari uwarsa da kuka, in na saɓa shi a baya sai barci.

A wancan lokaci matan sojoji sun cika ɗakunan haya a bakin gari, mazansu suna bakin daga. Yawancinsu daga ƙauyukan Eggon da Mada suka fito, suka tare kusa da titi da gidan waya don jin labarin mazansu. Zama bai gan su ba, wata na suyar ƙosai a tasha, wata na sarin doya a Gitata. Su suka fara kawo mini 'ya'yansu da safe, su ɗauka da yamma. Tsakar gidanmu ya koma gidan raino, daga damun kunu sai wankin zawo sai rabon faɗa. Yayana ya yi ta gunaguni, amma da ya ga na daina roƙonsa sabulu sai ya ja bakinsa.

A cikin matan akwai wata siririya mai yawan kunya, Hausarta a karye, tana da 'yar da ta fara tafiya ke nan. Wata rana ta shigo da ƙunshin kayan yarinyar, idonta jawur, ta ce an aiko mata mijinta ya ji rauni, yana kwance a wani asibiti can nesa, za ta bi shi. Ta durƙusa tana kirana Yaya, ta ce abu biyu take roƙo. Kada in canja wa yarinyar suna, don sunan kakarta ne, uban da kansa ya zaɓa kafin ya tafi. Sannan in riƙa kai ta coci ran Lahadi. Na ce ta tashi, wannan ai ba wani abu ba ne. A zatona wata ɗaya ba zai cika ba za ta dawo.

Ba ta dawo ba. Yaƙi ya ƙare, masu rabon ganin mazansu suka gan su, matan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda za ta tafi sai na tare ta da tambaya. Wata ta ce mijin ya rasu, ita kuma kanta ya taɓu, danginta sun kai ta can kan dutse. Wata ta ce ai ta mutu. Ban dai sami wanda ya ce ya ga kabarinta ba.

Yarinya ta tashi tana ce mini Inna. A jikina take kwana, da hannuna take cin abinci, in na shiga kewaye tana tsaye a bakin ƙofa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so ta fiye da yadda ya kamata a so 'yar wani. Akwai ranakun da in na ji mota ta tsaya a bakin titi sai in ce a raina Allah ya sa ba uwarta ba ce.

Yayana ya ga haka, ya kira ni zaure ya ce in bar wahalar da kaina. Shi zai yanka rago a raɗa wa yarinyar suna irin namu, a kai ta gidan ƙanwarmu a Nasarawa ta ɗan kwana biyu, kafin ta dawo kowa ya manta asalinta. Ya ce marainiya ce, lada zan samu, kuma Allah ne ya dube ni ya share mini hawaye. Wallahi maganar ta shige ni, na yi kwanaki ina juya ta. Amma duk sa'ad da na rufe ido sai in ga matar nan durƙushe a kan tabarmata. Na koma na ce masa uwarta ajiya ta ba ni, ba kyauta ba, kuma ni ban koya a makarantar allo cewa amana tana da addini ba. Ya ce taurin kaina ne ya fitar da ni daga gidan miji har sau biyu. Na ce to, na ji.

Daga nan na shiga bakin duniya. Kowace Lahadi in yi mata wanka, in ja hannunta mu ratsa gari har ƙofar coci, in miƙa ta ga wata malamar makaranta, ni kuma in zauna gindin mangwaro da carbina har su tashi. Aka sa mini suna uwar coci. Aka ce na bar salla, alhali wasu masu faɗin hakan sai rana ta fito suke asuba. A gidan biki in na zauna sai a matsa. Sunan yarinyar kuma yana da wuyar faɗa a harshenmu, sai matan gida suka laƙaba mata sunan rana, har ta fara amsawa. Na zaunar da ita na ce duk wanda bai kira ta da sunan da ubanta ya zaɓa mata ba ta yi masa kunnen ƙashi. A duk Yara ni kaɗai nake karya harshe ina kiran sunan nan, ana yi mini dariya.

Da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa yana sayen babur da rediyo, wani mai kanti ya fito neman aurena. Mutumin kirki ne, kuma na so shi. Ya ce zai riƙe mu ni da ita, sharaɗinsa kawai a daina zuwa gindin mangwaro, a kuma sake suna. Na mayar masa da goronsa, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Yarinya ta shiga firamare kafin matar ta dawo. Da hantsi ne ta yi sallama, wani dattijo ɗan'uwanta yana biye da ita. Ta rame, furfura ta fito mata tun ba lokaci ba, amma hankalinta ya dawo. 'Yan mata sun cika tsakar gida suna wasan carafke, duk sa'o'in juna, kitsonsu iri ɗaya, Hausa a bakinsu kamar a nan aka binne cibiyar kowacce. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta kasa gane tata. Matar yayana ta matso ta raɗa mini cewa in ce yarinyar tana Nasarawa. Uwar yarinyar ta juyo ta dube ni. Sai ta juya wajen yaran, ta kira sunan. Yarinyata ta ɗago kai ta ce na'am.

Da hannuna na ƙulle mata kaya, da hannuna na ɓamɓare yatsunta daga zanena a tasha, tana ta kiran Inna har motar ta sha kwana. Na yi jinya bayan haka. Masu zuwa dubiya suna cewa da na ji maganar yayana da yanzu tana ɗakina, kuma gaskiya suka faɗa.

Abin da nake so in gaya wa mata masu rainon 'ya'yan mutane, musamman 'ya'yan sojoji da ake kwashe iyayensu ba shiri, shi ne ku san abin da kuke amsawa kafin ku ce to. Za ku so yaron, zai kira ku uwa, kuma ranar rabuwa tana nan tafe. Wadda ta san ba za ta iya mayarwa ba, kada ta karɓa tun farko. Masu cewa na yi wauta kuwa, har yau suna nan suna faɗa. Na tsufa ba ɗa ba jika, abin kuma yana yi mini ciwo, amma ban taɓa yin da-na-sani ba. Matar nan ta rasa miji, ta rasa hankali, ta dawo ba ta riƙe da komai sai suna guda, ta kira, aka amsa mata. Ni na koya wa yarinyar amsawa.