Sirdin Bayan da Sebastian Ya Ƙi Cirewa

Ranar Talata, sha biyar ga watan Yuli na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Sebastian Ukachi, bakaniken babura na unguwar Muchia a Sabon Garin Zariya, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana ɓoyewa kamar abin kunya. Ya bar matarsa Akunna, da 'yarsa tilo Onyinyechukwu, da ƙanensa Dominic, da wani tsohon babur da ya yi shekaru yana ramar da shi. Ya kuma bar ni, Gregory, tsohon malamin firamare a Samaru, wanda ya yi rabin rayuwarsa a bayan wannan babur ɗin. 'Yarsa ce ta bugo mini waya. Ba ta iya cewa komai ba sai "Baba Gregory, zo." Ban tambaye ta dalili ba.

Sebastian, da kai zan yi magana, don ban saba ba da labarinka a bayan idonka ba.

Ka tuna haɗuwarmu? Lokacin ina zaune a Jushi, an tura ni koyarwa Samaru, ga ƙafata ta hagu da shan-inna ya taɓa tun ina yaro. Kafin in ja ta in kai ƙofar bas, masu ƙafa biyu sun cika ta. Wata safiya ta damina ina tsaye a Kwangila da sandata, ruwa ya jiƙa ni sharkaf, sai ga ka a kan baƙin Honda ɗin da mahaifinka ya bar maka, za ka gyaran baburan ma'aikatan jami'a. Ka tsaya ka ce, "Malam, hau." Ba ka san sunana ba, ni ma ban san naka ba. Washegari ka sake tsayawa, jibi ma haka, har abin ya zama ƙa'ida. Da ka lura ƙafata tana zamewa daga matakin baya, sai ka yi wa babur ɗin walda da wani faffaɗan ƙarfe mai kauri, daidai tafin takalmina. Na hau ne kawai na ji ƙafata ta zauna.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: kai ne mutum mafi sanyin tuƙi da na taɓa gani. Akwai ranar da jaki da kayansa ya wuce mu a Hanwa, na yi maka tsiya, ka ce ai shi sauri yake yi. A Sabon Gari aka haife ka, Hausarka ta fi tawa gishiri, musamman in kana yi wa 'yan acaɓa faɗa. Duk wanda ya kawo maka gyaran fitila sai ka taka burkinsa, in ba ya ci, babur ɗin ba zai bar garejinka ba ko da mai shi zai yi kuka. Da yawansu sun zage ka a lokacin. Su ne na gani cike da layinku ranar da ka rasu, kowa ya kashe injinsa tun daga bakin titi yana turowa da hannu. Na kuma ga tsohuwar nan mai markaɗe ta Basawa, wadda ka yi shekaru kana tayar mata da injinta, in ta yi maganar lada ka ce ta aiko da ƙosai.

Kana da wata doka da duk Muchia ta sani. Wanda zai koyi tuƙi a wurinka, ko zai karɓi babur daga hannunka, sai ka kwantar da babur ɗin a ƙasa ka koma gefe ka harɗe hannu. Kakan ce, "Babur ɗin da ba ka iya tayarwa in ya faɗi, ba naka ba ne." Ba ka taɓa sassauta wa kowa ba, sai ga dokar ta zagayo ta shigo cikin gidanka.

Onyinye ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Samaru, ta ce ita babur ɗin kakanta take so. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifiyarta ta ce a saya mata ƙarami irin wanda mata ke hawa a garinku can Gabas, yarinya ta ce sam. Amma jikin uwarta ta ɗauko, 'yar firit da ita. Ka kwantar mata da Honda ɗin a gaban gareji, ta yi ta kokawa da shi, ko motsi bai yi ba. Dominic kuwa ya daɗe yana cewa kayan mahaifinku ne, kamata ya yi ya koma gida Gabas a ajiye shi a gidan gado. A gabana ka yanke maganar. Ka ce in ta tayar da shi ita kaɗai, nata ne, in kuwa ba ta iya ba har ka bar duniya, Dominic ya ɗauka. Ka ga ba za ka iya ƙara wa 'yarka jiki ba, sai ka juya kan babur ɗin.

Daga nan aka shiga aikin ramarwa. Ka ɗauko sikelin da Akunna ke auna busasshen kifi da shi a kasuwa, duk abin da ka kwance sai ka ɗora ka auna, ita kuma tana mita cewa masu saye sun fara jin warin baƙin mai a kifinta. Murfin sarƙa ya tafi. Salansa biyu suka koma ɗaya. Ƙarafan da ke kare taɓo a saman tayoyi ka sauya su da na alminiyam, wanda masu ƙera tukwane suka buga maka. Babban batir ya ba ƙarami wuri, ƙafar tsayawa ta tsakiya ta koma rataye a bango. Ƙananan ƙarafan da ke riƙe fitila da lamba ka yi ta huda su har suka koma kamar rariya. Abu biyu ne ba ka taɓa ba, burki da ƙashin jikin babur ɗin. Wani ɗalibin jami'a ya ba ka shawara ka rage kaurin ƙashin, ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "Ɗan samari, rama nake so ya yi, ba karaya ba."

Duk sanda aka cire wani abu sai a sake gwaji. Da farko ta motsa shi. Daga baya ta ɗago shi zuwa gwiwa. Bara ta kai shi har ƙugu, yana rawa a hannunta, sannan ya fi ƙarfinta ya koma. Kaɗan ya rage, kuma kowa a garejin ya san inda kaɗan ɗin yake: sirdin baya, da kariyar ƙarfe ta ɗaukar kaya da ke ƙarƙashinsa, da wancan faffaɗan matakin da ka yi wa ƙafata. Kai da bakinka ka koya mana cewa nauyin da ke sama ya fi na ƙasa wahalar ɗagawa. Ni ne nauyin da ya rage, Sebastian, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Na riga na yi ritaya, na koma Samaru da zama, ba abin da ya rage sai ɗaukar da kake zuwa yi mini ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mu zo Muchia mu ci abincin Akunna mu yi gardamar ƙwallo. Na ce maka ka cire, zan hau Keke Napep kamar kowa.

"Malam," ka ce, "in na cire, ina zan sa ka? A kan tanki?"

Damina biyu muna wannan jayayya. Ka koma kana goge kawunan notuna, kana neman abin da bai kai nauyin kifi ɗaya ba, don dai kada ka taɓa wurin zamana. Na ga numfashinka yana gajarta, na ga Onyinye tana ta kallon babur ɗin. Ba ta taɓa roƙonka ka cire ba, ko sau ɗaya. Kun yi kama a taurin kai.

To, ga abin da ya faru bayanka, tunda ba ka tsaya ka gani ba. Dominic ya zo da motar da za ta kai gawarka gida Gabas. Mutumin kirki ne, bai yi gaggawa ba. Ya ce maganar mamaci ba a taka ta, a ba yarinyar dama ta gwada kafin a ɗora kaya. Safiyar ranar an yi ruwa, gaban garejin duk laka. Na shiga na ɗauko sufanar kwance notuna daga inda kake rataye ta, na zauna a benci na kwance sirdin da hannuna. Notunan sun yi tsatsa, sun ƙi, kamar kai ka gargaɗe su. Matakin ƙafata kuwa sai da mai walda na maƙwabta ya zo ya yanke shi. Na rungume kayan a cinyata, na yi kukan da ban yi ba a ranar rasuwarka.

Aka kwantar da babur ɗin. Onyinye ta ɗaure zane a kan baƙaƙen kayanta, ta juya masa baya, ta tsuguna, ta kama hannunsa da gindin sirdin gaba yadda ka koya mata, ta tura da ƙafafu. Ya taso, ya yi jinkiri a daidai inda ya saba komawa, sannan ya miƙe tsaye. 'Yan acaɓa suka kaure da ihu, suka manta gidan makoki ne. Akunna tana dariya tana share hawaye da bakin zane. Dominic ya ce, "Nata ne," ya juya ya shiga cikin gida.

Sai ta jingine shi ta zo ta tsaya a gabana, ta miƙo hannu.

"Baba Gregory, kawo a mayar."

Na ce, "'Yata, zai fi ƙarfinki. Don ke aka cire."

"Papa ya ce in tayar, na tayar," ta ce. "In mun faɗi da kai, mu biyu ne, sai mu ɗaga tare."

Mai waldan bai ma naɗe wayarsa ba, ya sake kunna wuta. Bayan sun dawo daga jana'izarka, ranar Lahadi, na ji ƙarar Honda a ƙofar gidana a Samaru. Na fito da sandata na hau, ƙafata ta zauna inda ta saba. Ta fi ka gudu, Sebastian, ba jakin da ya wuce mu. Amma da muka kai Kwangila sai ta sassauta, don ka sha ba ta labarin wurin.

Ubangiji ya ji ƙanka, abokina, ya yafe maka kurakuranka, ya sauke maka duk wani nauyi yadda ka sauke wa mutane nasu, ya karɓe ka cikin hutawarsa. Allah ya ba Akunna haƙuri da ƙarfin zuciya, ya saka wa Dominic da alheri, ya ta'azantar da dangi na nan da na gida da dukan mutanen Muchia. Onyinyechukwu kuma, Allah ya tsare ta a kan hanya, ita da tsohon da take ɗauka a baya. Amin.