Babban Ƙullin Na Goggo Ne

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Bagudo daga Birnin Kebbi, ni da ƙanwata mai aikin jinya. Dubiya ce ta fitar da mu. An bugo mana cewa Baffa, ƙanin mahaifinmu da ke Kaoje, yana kwance da gudawa har ba ya iya fita masallaci. Na kuma ƙudura a raina cewa tunda an zo kusa, zan tsallaka iyaka in gaida Goggo, yayarsu, wadda ke aure a wani ƙauye cikin ƙasar Benin. A ɗakinta na yi hutun makaranta da yawa ina yarinya, kuma har na girma ba ta daina ajiye mini kasona ba. Ko busasshen kifi aka raba a gidan, sai ta ƙulle nawa ta rataye, in yi wata da watanni ban zo ba, in tarar da shi yana jirana.

Damina ta yi nisa, ko'ina kore shar, hanya kuwa ta sha ruwa ta farfashe. Direbanmu ya san kowane rami kamar gidansu, amma sanin bai hana shi faɗawa ciki ba. Da hantsi muka shiga Bagudo, garin babura, inda za ka rantse sun fi mutane yawa. Muka tsaya a wani kemis don sayen gishirin gudawa. Mai shagon 'yar kudu ce, amma da ta buɗe baki ta ce mana "lahiya lau", sai na ji Kabancinta ya fi nawa nuna. A gadar Tuga muka ci soyayyen kifi da yaji. Na yi ƙorafin tsada, mai kifin ta nuna mini kogin da ya cika ya batse, ta ce in ina ganin da sauƙi ga ruwa nan.

Daga gadar zuwa Kaoje shinkafa ce hagu da dama, wasu gonakin ruwa ya shanye su sai kan ganye ake hange. Mun sami Baffa a kan tabarma a zaure, ya rame, amma bakinsa garau. Ƙanwata ta tambayi abin da ya ci ko ya sha kafin ciwon. Ya ce ba komai sai garin maganin da ɗansa Sahabi ya kawo masa daga Benin saboda ɗaurewar ƙafa da ke damunsa in ya wuni a fadama. Ta ce a kawo robar ta gani. Inna, matar Baffa, ta shiga ɗaki ta fito da wata farar roba mai murfi shuɗi, da muka buɗe sai warin daddawa ya tare mu. An juye garin tuni, robar ta samu sabon aiki.

Rubutun jikin robar bai goge ba. Ƙanwata ta ce garin magniziyam ne, irin wanda ake sha don ƙarin sinadari a jiki. Ba guba ba ne, in ji ta, amma yana da awo, kuma akwai ɗan ƙaramin cokali da ke zuwa a cikinsa. Wannan cokalin ba wanda ya san inda ya faɗa. Baffa da cokalin miya yake kamfata, safe da yamma, yana damawa a kunu. Ta ce shi ne ya sakar masa ciki, ya daina sha, ya yi ta shan ruwan gishiri da sukari, zai warware. Har mun fara tsokanarsa cewa ya mayar da magani tuwo, yana dariya yana riƙe ciki.

Sai ƙanwata ta tambayi Inna ina sauran garin yake. Wanda ya san Inna ya san ba abin da ke shiga gidanta ya kwana ba a raba ba. Tsaraba ce ɗanta ya kawo, ta kuwa yi mata yadda ake yi wa tsaraba. Ta ƙulla a ledoji ta aika wa maƙwabta, da limamin unguwa, da wata ƙawarta a Bahindi. Tana lissafawa fuskarta cike da jin daɗi, ta ƙare da cewa, "Babban ƙullin kau na aika wa Yaya. Ita ta babba, kuma ƙahwahunta sun kumbura, ta hi kowa bukata."

Goggo take nufi. Na ga ƙanwata ta ajiye robar a hankali. Kumburin ƙafar Goggo ba na gajiya ba ne, ciwon ƙoda ne, mu muka kai ta asibiti bara aka faɗa mana. Ƙanwata ta yi mini bayani a gefe, muryarta ƙasa ƙasa. Mai lafiya in ya sha garin ya yi yawa, ƙodarsa za ta fitar da shi, iyakarsa gudawa da jiri. Mai ciwon ƙoda kuwa taruwa yake yi a jininsa, jiki ya mutu, barci ya yi yawa, bugun zuciya ya ragu, daga nan numfashi. Muka nemi lambar gidan Goggo, ba ta shiga, don garinsu sai an hau tudu ake samun sabis.

Ba mu tsaya cin abincin da Inna ta ɗora ba. Sahabi ya fita bin ƙullin da aka raba a cikin gari, mu kuma muka shiga mota zuwa Tsamiya, daga nan sai babur. 'Yan acaɓar iyaka mutane ne masu ban mamaki, suna ɗaure jarkoki da buhuna har ba ka ganin mai tuƙin, suna magana da Hausa da Dandanci da Fulatanci a numfashi ɗaya. Da a wata rana ce, da na tsaya kallo. Ranar nan ban ga komai ba sai laka da bayan rigar mai babur ɗina. Jami'an da ke kan hanya sun tsayar da mu, da suka ji mara lafiya za mu ɗauko suka ɗaga mana igiya. Wani rafi ya yanke hanya, muka sauka muka tattare zannuwa muka ratsa da ƙafa, ruwa har gwiwa.

La'asar ta yi muka isa. Gidan shiru, matar ɗan Goggo tana daka a tsakar gida, ta tarbe mu da murna ta ce Goggo ta samu sauƙi, kwana biyun nan barci take yi sosai, ba ta ko kukan ƙafa. Wannan maganar ta fi komai tsorata ni. Muka shiga. Tana kwance a kan gadonta na ƙarfe, kusa da ita ga ledar garin a buɗe, ya sha danshi ya dunƙule, an ci fiye da rabinsa. Na kira ta, da ƙyar ta ɗaga ido. Ta gane ni, ta so ta miƙo hannu, hannun ya ƙi tashi. "Ɗiyata, kin zaka?" abin da ta iya cewa ke nan. Ƙanwata ta riƙe wuyan hannunta tana jin bugun jininta, ban tambaye ta ba, fuskarta ta ba ni amsa.

A tsakanina da mai babur muka sa ta, ni a baya na rungume ta, kanta a kafaɗata. Matar da ta goya ni, ranar nan ba ta fi nauyin yarinya ba. A rafin nan maza suka ɗauke ta a hannu. Daga Tsamiya muka samu mota zuwa Bagudo, a asibiti aka yi mata allura aka sa mata ruwa, aka ce sai Birnin Kebbi inda ake wankin ƙoda. An kai ta, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari da rana Allah ya karɓi abinsa. Likitan ya ce ƙodar dama ta yi nisa, amma garin ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

A Kaoje aka yi zaman makoki. Inna ba ta ci ba, ba ta sha ba, tana zaune a bakin ƙofa tana ta maimaita magana ɗaya: "Da hannuna na ƙulla mata, har na ƙara mata don girma." Ba wanda ya ga laifinta, ni ma ban gani ba. Abin da aka koya mana ta yi, a raba, a fifita babba, a tuna da mara lafiya. Sahabi ya tattaro sauran ledojin, har ta Bahindi, Allah ya tsare ba wanda ya cutu.

Ranar da za mu dawo, matar ɗan Goggo ta ja ni gefe ta damƙa mini wani abu. Ƙaramin ƙulli ne na farin gari, an naɗe shi a tsumman atamfa, irin ɗaurin da na sani tun ina yarinya. "Naki na," ta ce. "Randa anka kawo ta ɗiba ta aje, ta ce ta ji kina hwama da ciwon baya." A nan kukan da na riƙe tun daga iyaka ya ƙwace mini.

Mun iso gida bayan magariba, jiki duk ciwo. Abin da tafiyar nan ta koya mini zan faɗa muku kai tsaye. Magani ba tsaraba ba ne, ko da na ƙarin lafiya ne. Ku bar shi a robarsa da rubutunsa da cokalinsa, a rufe, nesa da danshi da hannun yara. Kada ku ɗibar wa kowa don ya yi muku aiki, kuma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai likita ya ce. Garin na ba ƙanwata ta zubar da shi. Tsumman kuwa na wanke na ajiye, shi ne kasona na ƙarshe daga hannun Goggo. Allah ya jiƙanta.