Neman Noben Inna a Urafane

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ni da ƙanena, a bayan kamyo, babbar motar kaya, da zai je kwasar gyaɗa. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Innarmu ce, wadda tsufa ya tafi da ganinta, ta daina cin abinci. Abu ɗaya take kira: ruwan nobe, ciyawar nan mai ƙamshi da ake dafawa a sha. Na sayo mata na kasuwar Tasawa, ta murza a tafin hannu, ta shinshina, ta ture. Wai ba irin na tudun garinsu ba ne, can bayan Urafane. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma tsoro ya fi haushin yawa, don kullum tana ƙara ramewa.

Likitan garinmu ne ya goya mata baya. Ya ce ƙamshin ganye wani mai ne da ke cikinsa, kuma man nan haɗi ne na abubuwa da yawa. Ƙasa da rana da ruwa kan sa wani abu ya rinjayi wani, shi ya sa ciyawa iri ɗaya za ta canza ƙamshi daga tudu zuwa fadama. Ya ce da Faransanci sunan man isansi, daidai da man mota.

Hanya yashi ce zalla. Kamyo ya yi tari, ya kafe, mu sauka mu tura, mu hau muna haki. Tun da aka samu 'yancin kai ban bi ta nan ba, kuma na kasa gane wurin. Inda na san daji duk ya koma gona, ko'ina tarin gyaɗa da jakuna ɗauke da buhuna. Kuɗi sun shigo ƙauye, har gwangwanin madara na gani a tebur, sai dai komai ya yi tsada, ƙwan zabo ma ya san darajar kansa.

Da yake ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, bakina ba ya riƙe abin da na koya. Direba ya tambaye ni dalilin tafiya, na ce ina neman ciyawa mai isansi a ciki, na shiga zuba masa bayanin likita. Ashe daga kalmar farko kunnensa ya tsaya.

Mun sauka Urafane ranar kasuwa. Kafin mu gama shan fura, labari ya zaga: malamin Tasawa na sayen ciyawar da ake tatsar man mota. Jama'a suka yi mana ca da dammuna, wani da gamba, wani da harawa, wani har da ƙarangiya. Wani dattijo ya rantse tasa ta fi kamawa da wuta. Ƙanena ya yi dariya har fura ta sarƙe shi, ni kuwa ina ta rantsuwa ba wanda ke saurare.

Wannan shirmen ne ya taimake mu. Wata tsohuwa ta kutso don ta ga mahaukacin da ake faɗa, ta ƙura mini ido, ta ce, "Kai, wanga goshi na san shi. Ɗan wa kake?" Da na faɗi sunan Inna sai ta kama hannuna tana kuka. Ƙawarta ce, tare suka yi tallar fura suna 'yan mata.

Ita ta kai mu tudun a amalanken ɗanta. Babu nobe ko tushe ɗaya, gyaɗa ta cinye wurin kaf. Zuciyata ta yanke. Sai tsohuwar ta ja mu gaba zuwa gefen maƙabarta, inda fartanya ba ta taɓawa. Can ya rage, 'yan tushe kaɗan a wajen shinge, kusa da inda aka binne kakarmu. Muka yi addu'a, na yanki ganye, na tono tushe guda da ƙasarsa. Na murza na shinshina, kuma gaskiya ya fi na kasuwa kaifi, har cikin ido ake jin sa.

Mun dawo a kan buhunan gyaɗa, ina rungume da ƙullin ciyawa, direba na ta kirana mai gidan isansi. Da la'asar muka shiga gida. Na sa wa Inna ganyen a hannu. Ta murza, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Tudun na nan?" ta ce.

Na ce, "Gyaɗa ta cinye shi, Inna. Sai gefen kushewa."

Ta ce, "To, su innata na tsare mini da shi. Dafa mini, kuma a dama kunu."

Ta sha, ta ƙara. Tushen kuwa na dasa shi gindin randa, ko da yake likita ya ce a ƙasar Tasawa ƙamshinsa zai iya canzawa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ban ƙara cewa tsohuwa na rigima idan ta ture abu. Ni na ga ciyawa ne kawai, ita kuwa garinsu take nema, kuma hanci ne hanyar da ta rage mata.