Yadda Malam Ya Bar wa Ƙaninsa Gaba

Ku gyara zama ku ji yadda keken mai gidana ya kusa barin gidan nan, a shekarar da gero ya yi mana kyau har rumbu ya kasa ɗauka.

Tun da aka kawo ni ƙauyenmu na wajen Balan, duk ranar kasuwar Gaya Malam da ƙaninsa suke hawa kekunansu su tafi tare. Malam a gaba, ƙanin a baya. Haka na same su, haka muka tsufa. Ƙane ba ya wuce wansa a hanya, ko da wan tafiyar hawainiya yake yi. To, girma ya zo, idon Malam ya rage, ƙafa ta yi nauyi. Sai su bar gida da hantsi, su isa kasuwa ana kiran azahar. Wata rana ma Malam ya kutsa cikin garken shanun Fulani bai ankara ba, sai da saniya ta hura masa hanci a wuya.

Labari ya kai kunnen ɗanmu na fari, mai tuƙa adaidaita sahu a Gaya. Ya zo bayan la'asar, ya tarar da mu a gindin darbejiyar tsakar gida, ina ɓarar gyaɗa, Malam da ƙaninsa suna kan tabarma. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce, "Baba, keken nan na zo ɗauka. Duk ranar kasuwa ni zan zo in kai ka."

Malam ya dubi kekensa. Ni kuwa na san abin da ke ransa. Keken nan shi ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa suna da gaisuwa, ba ya jiran kowa.

Sai yaron ya ciro wayarsa. "Baba, dubi waɗanda aka yi keke dominsu. Gasar duniya ce, kowace ƙasa ta turo gwaninta."

Muka haɗa kai muka leƙa. Wani makeken ɗaki ne mai rufi, daɓensa na katako, gefensa a tashe kamar cikin akushi. Ga samari biyu, cinyoyinsu kamar turmi, kayan jikinsu sun matse su, kowa da hular kwano. Keken ba birki, ba ƙararrawa, ba inda za a ɗaura ko da tiya ɗaya ta dawa. Na ce a raina, wannan wace irin asara ce.

Aka ba su izinin tashi. Muna jiran mu ga gudu, sai muka ga suna rarrafe. Na gaban yana waiwaye, na bayan ya ƙi wucewa. Can sai suka tsaya cak a kan kekunan, ba wanda ya sauke ƙafa.

Malam ya gyara zama ya ce, "Masha Allahu. Ashe a can ma akwai tarbiyya. Ka ga na bayan nan ƙane ne. Yayansa yana ce masa bismilla, shi kuwa kunya ta hana shi."

Ƙanin mijina ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Na san wahalar da yake sha."

Na ce, "Kai rufa mana baki, rago. Ka sami abin fakewa."

Ba mu rufe baki ba sai aka kaɗa wata ƙararrawa. Na bayan ya miƙe, ya hau gefen akushin, ya gangaro kamar shaho, ya wuce na gaban. Mutane suka ɗauki sowa. Malam ya tafa hannu. "Subhanallahi! Ashe marar kunya ne!"

Ɗanmu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Baba, ba kunya ba ce, dabara ce. Kowa ba ya son gaba. Na gaba shi ke tare iska, shi ke wahala. Na baya a ɓoye yake yana hutawa, shi ya sa yake cinyewa."

Malam ya juya a hankali ya dubi ƙaninsa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Wato tun muna samari ni nake tare maka iska, kana bayana kana shan inuwa?"

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"Shi ya sa ka yi tumbi ni na rame."

A nan ne na ajiye ƙwaryar gyaɗa. Ban saba sa baki a maganar maza ba, amma ranar na sa. Na ce wa yaron, "Baffanka idonsa garau yake. In ya shiga gaba ya ga rami, ya ga shanu, babanka yana biye da tayarsa, ina abin tsoro?"

Ƙanin mijina ya zabura. "Ni in shiga gaban Yaya? Me za a ce da ni a gari?"

Malam ya ce, "Za a ce ka fara biyan aikin da na yi maka. Ni na umarce ka. Gwanayen duniya a baya suke zama, ni ma can zan koma."

Yaron ya sosa ƙeya, ya dube ni, ya dubi uban. Ya ce ya yarda, amma sai an sa wa keken sabon birki, kuma duk ranar da Baba ya koma gaba zai zo ya ɗauke. Aka yi magariba ya tafi da adaidaitarsa ba keke a ciki.

Da kasuwa ta zagayo na fita ƙofar zaure, abin da ban cika yi ba. Ƙanin ya hau, yana sunkuyar da kai saboda masu kallo. Malam ya naɗe ƙafar wandonsa, ya hau nasa, ya manne a bayansa. Ina jiyo muryarsa har suka sha kwanar gonar rogo: "Taka mana! Iska tana shigo mini ta hagu!"